Nano, vim ko Emacs: wanne ɗalibin Linux zai fara riƙewa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da ɗaliban kwamfuta na Bauchi, na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na kwalejin tarayya da ke Gwallameji da na Tatari Ali, har da matasan da suka koyi aikin da hannu a shagunan gyaran kwamfuta. Maganar a kan manhajar gyara rubutu ce ta cikin taminal, wato baƙin allon nan da maus ba ya aiki a cikinsa, sai abin da ka buga a kibod.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake raba kan masu koyo. Mai vim yana raina mai nano, mai Emacs yana ganin sauran duk wasan yara ne, ɗalibi kuma yana tsakiya, an ba shi saba (server, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta netwok) a wurin aikin sanin makama, an ce ya gyara layi ɗaya a fayil ɗin saiti, ya shiga ya kasa fita. A ganinmu injin da mutum zai zauna a gabansa shi ne ke zaɓa masa edita, wato manhajar gyara rubutun. Ya fara da nano domin aiki ya tafi tun ranar farko, ya haddace 'yan maɓallan vi, wato asalin vim, domin akwai injinan da ba zai tarar da komai ba sai shi, daga baya ya nutsa cikin wanda ya dace da sana'arsa.

Mu fara da nano. Chris Allegretta ne ya rubuta shi a 1999 domin ya maye gurbin Pico, editan da ke zuwa tare da manhajar wasiƙu ta Pine. Nano ne ke buɗewa a Debian da Ubuntu idan ba ka zaɓi wani ba, Fedora ma ta koma kansa a 2020. Alherinsa a fili yake: da ka buɗe sai rubutu, kuma layuka biyu na ƙasan allo suna nuna maka maɓallan. Sai dai a nan ne da yawa ke fara tuntuɓe. Alamar ^ da ke jikin ^X tana nufin ka riƙe Ctrl ne, ba wai ka buga alamar da Shift da 6 ba. M kuma, kamar a M-U, tana nufin Alt. In tagar taminal ɗinka ta ƙwace Alt ta buɗe nata jerin zaɓi, danna Esc ka saki sannan ka danna harafin, daidai suke.

Adanawa Ctrl+O ce, zai nuna maka sunan fayil ɗin a ƙasa, ka tabbatar da Enter. Fita Ctrl+X ce, kuma in akwai gyaran da ba a adana ba zai tambaye ka, Y ko N. Ctrl+K tana yanke layi sukutum, in ka danna ta sau huɗu a jere layuka huɗun duk suna hannu, Ctrl+U ta manna su inda kake so. Alt+A tana kafa alamar farkon abin da za ka zaɓa, Alt+6 ta kwafa ba tare da yankewa ba, Alt+U ta warware gyaran ƙarshe. In manhaja ta ce kuskure yana layi na 42, kada ka tsaya ƙirga da ido, buɗe da nano -l +42 da sunan fayil, zai sauke ka a kan layin da lambobi a gefe.

Tarko biyu ne a nano da suka fi cin mutane. Na farko Ctrl+W, maɓallin bincike. Yawancin matasanmu da ke kula da shafukan intanet na makarantu da 'yan kasuwa suna shiga saba ne ta taminal ɗin da kamfanin haya ya saka a cikin burauza. A can Ctrl+W ba ta kaiwa ga nano, burauza ce ke cafke ta ta rufe shafin gaba ɗaya, da aikinka a ciki. Maganin shi ne F6, aikinsu ɗaya. Daga nano 8.0 na 2024 Ctrl+F ma tana yin bincike, kuma an ƙara zaɓin --modernbindings mai mayar da Ctrl+C, Ctrl+V da Ctrl+Z irin waɗanda aka saba da su a Windows. Ba mu ba sabon shiga shawarar ya dogara da shi ba, domin ranar da ya faɗa tsohuwar saba hannunsa zai danna abin da babu.

Na biyun ya fi haɗari domin ba ya ihu. Kafin nano 4.0 na 2019, ɗabi'arsa ta asali ita ce ya karya dogon layi gida biyu da kansa idan ya wuce faɗin allo. A wasiƙa wannan ba komai ba ne. A fayil irin authorized_keys, inda kowane mabuɗin SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, dole ya zauna a layi guda mai ɗaruruwan haruffa, karyewar nan tana lalata mabuɗin, sai a wayi gari saba ta ƙi karɓarka. Duba da nano --version, in ƙasa da 4 ne ka riƙa buɗewa da nano -w.

Yanzu vi, wanda a kansa za mu daɗe, domin shi ne ake tsoro kuma shi ne ba a guje masa. Yana cikin ƙa'idar POSIX da tsare-tsare irin na Unix ke bi, kuma BusyBox, tarin ƙananan umarnin da ke cikin rauta mai OpenWrt da kwantenar Alpine, yana ɗauke da ɗan ƙaramin vi amma babu nano. Ga kuma umarnin da kan jefa ka cikinsa ba tare da neman izini ba a injina da dama: git commit, crontab -e, visudo. Ranar da saba ta ƙi tashi saboda kuskure a /etc/fstab, babu intanet balle ka sauke editan da kake so, abin da ka tarar da shi za ka yi aiki.

Bill Joy ya rubuta vi a 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a kan taminal mai suna ADM-3A. A kibod ɗin wannan na'ura kibiyoyi an zana su ne a jikin h, j, k da l, Esc kuma tana inda Tab take a yau, kusa da ɗan yatsa. Layin sadarwarsa kuwa bai wuce haruffa kusan 30 a daƙiƙa ba. Don haka aka gina shi a kan yin aiki mai yawa da dannawa kaɗan. Duk wanda ya taɓa shiga saba da datar waya a lokacin da netwok ke rarrafe, ya danna harafi ya jira kafin ya bayyana, ya san amfanin wannan. Share layi ashirin a vi 20dd ne, dannawa huɗu. Vim da muke amfani da shi yanzu aikin Bram Moolenaar ne ɗan ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991, ya ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a 2023.

Sirrin vi guda ne: yana da yanayi biyu. Da ka buɗe kana yanayin umarni, kowane harafi aiki yake yi, ba rubutu ba. Danna i ka shiga yanayin rubutu, Esc ta mayar da kai. Kamar giyar mota ne, kafin ka taka sai ka san wacce kake ciki, in kuma ka rikice ka danna Esc sau biyu ka koma furi. Daga nan :w da Enter adanawa, :q fita, :wq duka biyun, :q! fita a watsar da duk gyaran. u tana warwarewa, x tana share harafi, dd layi, yy kwafar layi, p mannawa, / da kalma bincike, n na gaba, :42 zuwa layi na 42. Wanda ya riƙe waɗannan ba zai maƙale a kowace saba ba.

Abin da ke ɓata wa mutane rai a vim kusan kullum iri ɗaya ne, kuma kowanne da dalilinsa. In ka ga layuka suna haɗewa kana ƙoƙarin sauka ƙasa, Caps Lock ce a kunne, domin babbar J haɗa layi take yi. Kashe ta, ka danna u har komai ya dawo. In ka ga kalmar recording a ƙasan allo, ka danna q ne ba tare da : ba, ya fara naɗar abin da kake dannawa, sake danna q ya daina. In kibiyoyi suna zuba maka A, B, C, D a cikin rubutu, ƙaramin vim ne na Debian ko Ubuntu yake kwaikwayon tsohon vi, sai ka sauke cikakken da sudo apt install vim. Saƙon E37 yana nufin akwai gyaran da ba ka adana ba. E45 ko E212 kuma suna nufin fayil ɗin ba naka ba ne, ka buɗe shi ba tare da sudo ba, wato umarnin da ke ba ka ikon mai kula da injin. Kada ka watsar da aikin: rubuta :w /tmp/gyara ka fita, sannan ka kwafe shi wurinsa da sudo cp. Gaba kuma ka riƙa amfani da sudoedit.

Akwai maɓallai biyu da laifin ba na edita ba ne, na taminal ne. Hannun da ya saba da Word yana danna Ctrl+S da kansa. A taminal da yawa wannan tsohuwar alama ce ta dakatar da fitar rubutu, sai allo ya daskare, mutum ya ɗauka inji ya mutu ya kashe shi. Ctrl+Q kawai za ta sake shi, kuma duk abin da ka danna a lokacin daskarewar zai zubo a lokaci guda, don haka kada ka yi ta bugun kibod. Saka stty -ixon a cikin .bashrc, fayil ɗin saitin layin umarninka, ka huta da matsalar. Ɗayan kuma Ctrl+Z, wadda ake dannawa da niyyar warware kuskure. A vim da Emacs, ita tura edita take yi baya ta mayar da kai layin umarni, yana nan da rai. Rubuta fg ya dawo. Wanda bai sani ba sai ya sake buɗe fayil ɗin, vim ya tare shi da jan gargaɗin E325, domin ga wani vim ɗin riƙe da fayil ɗin.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafar mu a nan, wato ɗaukewar wuta da yankewar netwok, kuma a nan ne editocin suka bambanta da gaske. Vim yana ajiye ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp, yana sabunta shi bayan kowane haruffa 200 ko kuma in ka tsaya na daƙiƙa 4. In wuta ta tafi da kwamfutar tebur da ba ta da UPS, buɗe da vim -r da sunan fayil, duba abin da ya dawo, adana, sannan ka goge .swp ɗin da hannunka, in ba haka ba gargaɗin zai riƙa fitowa kullum. Emacs ma yana ajiyar kansa bayan dannawa 300 a fayil mai alamar # gaba da baya, ana dawo da shi da M-x recover-file. Nano ba ya wannan ajiya ta lokaci-lokaci. In layin SSH ne ya yanke yakan samu zarafin zubar da aikin a fayil mai ƙarewa da .save, amma in wuta ce ta kashe injin da yake kai, abin da ba a adana ba ya tafi. Mai nano ya mayar da Ctrl+O ɗabi'a bayan kowane gyara.

Ga mai aiki a saba ta nesa, kafin ya buɗe kowane edita ya fara rubuta tmux, manhajar da ke riƙe aikin taminal ko da layi ya yanke. In netwok ya yanke, ya sake shiga ya rubuta tmux attach, zai tarar da editansa a buɗe a kan layin da ya bari. Abin lura shi ne tmux ya riƙe Ctrl+B a matsayin mabuɗin umarninsa, alhali a vim ita ce komawa shafin baya, a Emacs kuma ja da baya harafi ɗaya. Danna ta sau biyu za ta wuce zuwa edita.

Emacs ba za mu ja shi da tsawo ba, ba don raini ba. Asalinsa 1976 ne, GNU Emacs na Richard Stallman kuma 1985. Ba ya zuwa da yawancin sabobi, sai an sauke shi, kuma ya fi dacewa da wanda zai wuni a cikinsa yana rubuta manhaja. Adanawa Ctrl+X sannan Ctrl+S, fita Ctrl+X sannan Ctrl+C, in ka rikice Ctrl+G. Yana da wata baiwa da ta dace da raunin netwok ɗinmu: TRAMP, wadda ke ɗauko fayil daga saba ta SSH ka gyara shi a kwamfutarka ba jinkiri, sai lokacin adanawa ya koma. Kuma ko wanda bai taɓa buɗe Emacs ba yana cin moriyar maɓallansa, domin layin umarni na bash da su yake aiki: Ctrl+A farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa, Ctrl+K yanke daga nan zuwa ƙarshe, Ctrl+R laluben tsohon umarni. Su kuma man da less, umarnin karanta bayani da fayil a taminal, maɓallan vi suka ara, j, k, / da q.

Ɗalibai da yawa ba su da laftof, da waya suke koyo ta Termux, manhajar taminal ta wayar Android, kuma muna yaba musu. A kibod ɗin waya babu Ctrl babu Esc. Termux ya mayar da maɓallin rage sauti Ctrl, ƙara sauti da E kuma Esc, ƙara sauti da Q yana fito da jerin ƙarin maɓallai a saman kibod. A nan mutane kan yi mamaki: vim ya fi sauƙi a waya fiye da yadda ake zato, domin yawancin umarninsa harafi ɗaya ne, ba sai an riƙe maɓalli biyu da babban yatsa ba. Emacs a allon waya kuwa wahala ce tsagwaronta.

Sai maganar rubutun Hausa, wadda ba a cika koyar da ita ba, ga shi kuwa mu ne masu buƙatarta. Haruffanmu masu lanƙwasa suna da lambobinsu a Unicode: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. A vim, kana yanayin rubutu, danna Ctrl+V sannan u sannan lambar. A nano Alt+V ce sannan lambar da sifili biyu a gaba, kamar 000253. A Emacs Ctrl+X, 8, Enter, lambar, Enter. Wannan ya yi wa mai dogon rubutu nisa, don haka mai cikakken vim ya saka wannan layi a .vimrc: digraph bb 595 dd 599 kk 409 BB 385 DD 394 KK 408. Daga nan Ctrl+K da kk za su ba shi ƙ. Lambobin nan na ƙidayar goma-goma ne, kada a saka na farkon a wurinsu. In haruffan suka fito a matsayin alamar tambaya ko tarkace, rubuta locale ka ga ko akwai UTF-8 a ciki, mai PuTTY kuma ya duba saitin haruffansa.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Fayil ɗin YAML, irin wanda netplan ke saita netwok da shi a Ubuntu, ba ya yarda da Tab a farkon layi, sai tazara. Makefile kuma akasin haka, dole Tab. Python yana tsayawa da TabError in aka cakuɗa su. A vim :set list yana tona su, a nano Alt+P. Wanda ya saka set tabstospaces a .nanorc domin Python ya tuna cewa saitin nan na iya lalata masa Makefile. Haka fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka kawo a filasha: ƙarshen kowane layinsa yana ɗauke da ƙarin alama, sai bash ya ce bad interpreter da ^M a jiki. A vim :set ff=unix sannan :w, ko kuma umarnin dos2unix.

Ko da wane edita, kafin a taɓa fayil ɗin saiti a kwafe shi da cp zuwa wani suna, bayan gyara kuma a gwada kafin a sake tayar da manhajar: sshd -t, nginx -t, netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120 in ba ka tabbatar ba. Fayil ɗin sudoers kuwa kada a buɗe shi da komai sai visudo, domin shi ke tantance rubutun kafin ya adana. Mai gyara saitin SSH ya bar tagarsa ta farko a buɗe har sai ya gwada shiga ta taga ta biyu.

Wanda ya yanke shawara ya sanar da injinsa. Layin export EDITOR=nano da export VISUAL=nano a cikin .bashrc ya wadatar ga yawancin umarni, git kuma git config --global core.editor nano. A Debian da Ubuntu akwai select-editor da sudo update-alternatives --config editor, na biyun shi ke canza wa injin gaba ɗaya.

Roƙonmu ga malamai 'yan'uwanmu shi ne a ware darasi guda na aikin hannu ga wannan tun zangon farko, kafin a tura yara aikin sanin makama. A ba su rabin sa'a da vimtutor, wanda ke zuwa tare da cikakken vim kuma ba ya buƙatar data. Sannan a sa kowane ɗalibi ya danna Ctrl+S ya ga allo ya daskare ya sake shi da Ctrl+Q, ya danna Ctrl+Z ya dawo da fg, ya rufe taga da gangan yana tsakiyar rubutu ya ceto aikinsa da vim -r, ya kuma rubuta jimla guda ta Hausa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ a cikin edita biyu daban.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu koyar da Linux da kula da sabobi,
Yelwa, Bauchi.